Glenn Close: Jarumar Hollywood da ta shafe shekara 15 a hannun ƙungiyar da ta taɓa shirya fim a Najeriya

A watan Mayun 2021, wata dattijuwa mai shekara 74 ta zauna gaban kyamara a wani shiri kan lafiyar ƙwaƙwalwa da Oprah Winfrey da Yarima Harry na Birtaniya suka shirya, ta faɗi abin da ba kasafai taurarin fim ke yarda su faɗa ba. Ta ce ba ta yi dace a zaman aure ba, kuma ta san daga inda matsalar ta samo asali. Tun tana shekara bakwai iyayenta suka shigar da ita wata ƙungiyar addini da ke tsara wa mutum abin da zai faɗa, da yadda zai rayu, har da abin da ya kamata ya ji a ransa. Ba ta fita ba sai da ta kai shekara 22.

Matar ita ce Glenn Close, jarumar Amurka da masu kallon finafinan Turawa suka sani a Fatal Attraction na 1987, yara kuma suka sani a matsayin muguwar matar nan Cruella a 101 Dalmatians. Sau takwas ana saka sunanta a jerin masu takarar kyautar Oscar, ba ta taɓa ɗauka ba, abin da ya zama abin zolaya a Hollywood har ita kanta takan yi raha a kai.

Sunan ƙungiyar Moral Re-Armament, ana taƙaita shi da MRA. Ma'anarsa kusan a ce sake ɗaura ɗamarar yaƙi, amma da kyawawan ɗabi'u a madadin bindiga. Kuma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu. Ita ce ta ɗauki nauyin wani fim da aka ɗauka a Najeriya tun kafin samun 'yancin kai, kuma magajiyarta ce ta fitar da sanannen fim ɗin nan na wani limami da wani fasto 'yan Kaduna.

Ba irin ƙungiyar asirin da aka saba ji ba

Kalmar da Glenn Close ke amfani da ita a Turanci idan tana maganar MRA ita ce wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa suka saba fassarawa da ƙungiyar asiri. Sai dai fassarar na iya ɓatar da mai karatu. Bahaushe idan ya ji ƙungiyar asiri, tunaninsa na tafiya ne ga matsafa, da jan ƙyalle, da taron dare, ko kuma 'yan daban jami'o'in kudancin Najeriya. MRA ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mambobinta masu kwat da nakatayi ne, likitoci da 'yan siyasa da attajirai, kuma da rana tsaka suke taronsu, suna gayyatar 'yan jarida.

Wani malamin coci Ba'amurke mai suna Frank Buchman ne ya kafa ta. Ta fara da wani suna, daga baya aka san ta da Oxford Group, sannan a 1938, lokacin da ƙasashen Turai ke tara makamai gabanin yaƙin duniya na biyu, Buchman ya sauya mata suna zuwa MRA a birnin Landan.

Koyarwarta a baki ba ta da abin ƙi. Ginshiƙai huɗu ne: cikakkiyar gaskiya, cikakkiyar tsarkin zuciya, cikakken rashin son kai, da cikakkiyar ƙauna. Kowace safiya mamba zai zauna shiru da takarda da alƙalami, ya saurari abin da ya yi imanin Ubangiji ke shiryar da shi, ya rubuta. Bayan haka sai ya karanta wa abokan tafiyarsa, su tantance ko shiriya ce ta gaskiya ko son zuciya. Akwai kuma zaman fallasa kai, inda mutum zai tashi a gaban jama'a ya zayyana zunubansa.

A nan gizo ke saƙa. Idan wasu ne za su tantance maka wane tunani ne daga Allah, wane ne daga shaiɗan, to a aikace su ne ke riƙe da linzaminka. Kuma wanda ya tona asirin kansa a gaban taro ya ba su abin da za su riƙe shi da shi. Tsoffin mambobi sun bayyana yadda manya ke sa baki kan wanda mutum zai aura, da inda zai zauna, da aikin da zai yi. Ma'aikatan dindindin na ƙungiyar ba su karɓar albashi. Wanda ba shi da ko sisi na kansa, abokansa duk a ciki suke, fita ba ƙaramin aiki ba ne a gare shi.

Buchman kansa bai rasa abin suka ba. A 1936 ya shaida wa wata jaridar New York cewa yana godiya ga Allah da aka samu mutum irin Adolf Hitler da ya zama katanga ga kwaminisanci. Maganar ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa a 1961, duk da cewa magoya bayansa sun sha cewa an yanke ta ne daga muhallinta.

Daga gonar kaka zuwa otal a kan dutse

An haifi Glenn Close ranar 19 ga Maris, 1947, a garin Greenwich na jihar Connecticut, a gidan masu hali. Shekarunta na farko ta yi su ne a wani ɗan gida na dutse a cikin gandun kakanta na wajen uwa, tana yawo a fili da daji tare da 'yan'uwanta. Ta sha faɗa cewa waɗannan shekaru bakwai ne suka cece ta daga baya, domin a nan ta koyi ƙirƙirar labari a kanta da kwaikwayon wasu halittu.

Mahaifinta, William Close, matuƙin jirgin soja ne a yaƙin duniya na biyu, daga baya ya karanta likitanci. Wajen 1954 shi da matarsa Bettine suka rungumi MRA, har ya ajiye horon ƙwarewar tiyata da yake yi a New York domin ya ba ƙungiyar lokacinsa gaba ɗaya. Babu wanda ya tambayi yaran.

Daga nan rayuwa ta koma ta gidajen tarayya na ƙungiyar. Iyaye na tafiya aikin wa'azi ƙasa-ƙasa, yara kuma na hannun masu reno 'yan ƙungiya. Iyalin sun yi kimanin shekara biyu a hedikwatar MRA da ke Caux, wani ƙaton tsohon otal a kan dutse da ke kallon tafkin Geneva a ƙasar Suwizalan, wanda mabiya Buchman suka saya a 1946.

Wannan otal yana da tarihin da ake alfahari da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, a nan aka fara haɗa Faransawa da Jamusawa a ɗaki ɗaya lokacin da raunin yaƙi bai warke ba. Konrad Adenauer, wanda ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya je can a 1948. Robert Schuman na Faransa shi ma ya je. Wato a daidai ginin da manyan duniya ke yafe wa juna, akwai wata yarinya da ke koyon cewa duk abin da ranta ya so laifi ne.

Haka ta bayyana wa mujallar The Hollywood Reporter a 2014. A cewarta, ba a barin mutum ya yi komai, idan kuma ya so wani abu sai a sa ya riƙa ganin kansa mai zunubi. Ta ce idan yaro ya tashi daga shekara bakwai zuwa 22 a inda ake gaya masa yadda zai ji, abin na barin tabo mai zurfi, har ta kai ta daina yarda da abin da zuciyarta ke raya mata, saboda ba ta san wanne ne nata ba, wanne aka cusa mata.

Fim ɗin da aka ɗauka a Najeriya

A shekarun da Glenn ke girma a cikinta, MRA ta mayar da hankali kan Afirka. Lokaci ne na fafutikar neman 'yanci, kuma yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet na kan ganiyarsa. Ƙungiyar na ganin kanta a matsayin aƙidar da za ta hana matasan Afirka faɗawa hannun kwaminisanci. Dakta Nnamdi Azikiwe ya ziyarci Caux tun a 1949.

A 1955 wasu 'yan Afirka da ke halartar taro a Caux suka rubuta wasan kwaikwayo mai suna Freedom. Cikin marubutan akwai Ifoghale Amata, shugaban ɗalibai daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da Manasseh Moerane, malamin makaranta daga Afirka ta Kudu, wanda kawu ne ga Thabo Mbeki, da Abayifaa Karbo daga ƙasar da a yau ake kira Ghana. Aka mayar da wasan fim, aka ɗauke shi a Najeriya, ya fito a 1957. Labarin wata ƙasa ce ta ƙage da ke dab da samun 'yanci, inda 'yan siyasa masu gaba da juna da Baturen mulkin mallaka kowa ya amsa laifinsa, aka sasanta.

Masu bibiyar Nollywood za su gane sunan Amata. Ifoghale shi ne mahaifin Zack Amata, wanda ya fito a shirin Behind the Clouds na gidan talabijin na NTA Jos, da Fred Amata, kuma kakan darakta Jeta Amata. Ke nan ɗaya daga cikin manyan gidajen fim na Najeriya ya fara ne daga dandalin da Glenn Close ke kira kurkukun ƙuruciyarta. Wannan ba laifin Amata ba ne, kuma bai rage darajar fim ɗin a tarihi ba. Babban mutum ne da ya shiga da ƙafarsa, ya kuma samu abin da ya samu. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta da wannan zaɓi.

Akwai wani ɓangare na aikin MRA a Afirka da ba a cika haskawa ba. A Kenya, lokacin tawayen Mau Mau, Turawan mulkin mallaka sun gwada hanyoyin ƙungiyar a sansanin tsare mutane na Athi River, wanda wani mamban MRA mai suna Alan Knight ya jagoranta, da nufin sa fursunoni su amsa laifi su tuba. Tuba a gaban wanda ke riƙe da makullin ɗakin da aka kulle ka ba tuba ba ce da za a yi saurin gaskatawa.

Likitan Mobutu

A 1960, makonni kaɗan kafin Kwango ta karɓi 'yanci daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni, wata tawagar MRA ta sauka a babban birnin ƙasar, Leopoldville, wanda yanzu ake kira Kinshasa, ɗauke da fim ɗin Freedom. William Close na cikinta.

Ba banza ba idon duniya ke kan Kwango a lokacin. Daga mahaƙar Shinkolobwe da ke lardin Katanga aka samo mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi amfani da shi wajen ƙera bama-baman nukiliyarta na farko, ciki har da wanda aka jefa a Hiroshima a 1945. Mai karatu a Arlit ko Akokan ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda wannan ma'adini ke jawo baƙi masu murmushi. Ya ga yadda aka yi ta kai-komo kan Imouraren, daga lasisin da aka ba kamfanin Areva a 2009, zuwa dakatar da aikin bayan 'yan shekaru, zuwa ƙwace lasisin daga hannun Orano a Yunin 2024. Kwango ta 1960 ta ɗanɗani irin wannan ja-in-ja da zafinsa: kwana 11 bayan 'yanci Katanga ta ɓalle, sojoji sun yi bore, kuma cikin watanni bakwai aka kashe firaminista Patrice Lumumba.

Da rikici ya ɓarke, likitocin Beljiyam suka tsere. William Close ya je babban asibitin birnin ya ce shi likitan tiyata ne, aka ba shi wuƙa. Ya yi ta yi wa waɗanda aka harba da waɗanda aka sara aiki a lokacin da kusan babu wani mai yi. Wanda ya zo da niyyar 'yan makonni sai ya shafe shekara 16. Ya zama babban likitan sojojin ƙasar, ya zama likitan Mobutu Sese Seko na musamman, ya kuma jagoranci gyaran asibitin da aka sa wa sunan mahaifiyar Mobutu, Mama Yemo. Lokacin da cutar Ebola ta fara ɓulla a ƙauyen Yambuku a 1976, kusancinsa da fadar shugaban ƙasa ya taimaka wajen samar da jiragen sama da suka kai masana da kayan aiki yankin. Shi da matarsa sun kuma ɗauki riƙon wani yaro ɗan Kwango.

Ba za a ce mutumin banza ba ne. Dubban 'yan Kwango sun rayu ta dalilinsa. Amma 'ya'yansa na cikinsa sun tashi tsakanin makarantun kwana da hannun masu reno, suna jin labarin jarumtakar mahaifinsu daga nesa. Duk wanda ya tashi a gidan da uba ya tafi neman ilmi, ko wa'azi, ko ci-rani na shekaru, ya bar yara a hannun wasu da kyakkyawar niyya, ya san cewa alfahari da uba da jin haushinsa na iya zama a zuciya ɗaya.

Murmushin dole

Glenn ta gama sakandare a makarantar Rosemary Hall a 1965. A shekarar ce MRA ta ƙaddamar da wata tawagar mawaƙa matasa da daga baya ta shahara da sunan Up With People. Amurka na cikin zanga-zangar ƙin yaƙin Vietnam, matasa sun tara gashi suna yi wa gwamnati bore. Tawagar ta zo a matsayin kishiyar wannan: samari da 'yan mata masu tsaf-tsaf, kowa da murmushi, suna waƙoƙin kishin ƙasa da son jama'a. Manyan kamfanoni suka zuba mata kuɗi. Daga baya har sau huɗu ta yi wasa a hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka.

Maimakon ta wuce jami'a kamar sa'o'inta, Glenn ta shiga wannan tawaga ta yi shekaru tana yawon waƙa gari-gari. Wani fim na binciken gaskiya da Lee Storey ta fitar a 2009, Smile 'Til It Hurts, ya tattara bayanan tsoffin mambobi kan yadda rayuwa take a bayan labule: tsauraran dokoki kan hulɗar maza da mata, da sa ido, da sa bakin shugabanni a sha'anin aure. Sunan fim ɗin kansa na nufin ka yi ta murmushi har sai ya yi maka ciwo.

A 1969 Glenn ta auri wani makaɗin jita na tawagar, Cabot Wade. Daga baya ta kwatanta auren da cewa kusan na haɗi ne. Bai daɗe ba ya mutu.

Abin lura a nan shi ne, a kan dandali ta fara sana'arta, amma dandalin da ake rubuta mata har yanayin fuskarta. Wanda ya shafe shekara 15 yana nuna farin cikin da ba lallai yana jinsa ba, ya riga ya zama ɗan wasa tun kafin ya shiga makarantar koyon wasa.

Yadda ta fita

Masu jiran labarin tsallake katanga da tsakar dare ba za su samu ba. Babu mai gadi da bindiga a ƙofar MRA. Glenn ta ƙi yin dogon bayani kan abin da ya kai ta ga yanke shawara. Abin da ta faɗa shi ne abubuwa da dama ne suka taru, kuma ba ta da wata dabara ko shiri na fita, amma ta fita. Ta kuma ce burin zama 'yar wasa na cikin abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa.

Ƙofar da ta bi ita ce makaranta. Tana da shekara 22 zuwa 23, lokacin da sa'o'inta ke kammala digiri, ta shiga Kwalejin William and Mary da ke jihar Virginia a aji ɗaya. Ta haɗa darussa biyu: wasan kwaikwayo da nazarin al'adun ɗan'adam. Zaɓin na biyu ba abin mamaki ba ne ga wadda ta tashi a cikin al'umma mai dokokinta na daban. Wani malamin wasan kwaikwayo, Howard Scammon, ya riƙe hannunta. A shekararta ta ƙarshe ta ga hirar da aka yi da tsohuwar jaruma Katharine Hepburn a talabijin, washegari ta nemi malamin ya tura sunanta gwajin 'yan wasa na ƙasa.

Ta kammala a 1974, a shekarar kuma ta hau dandalin Broadway a New York. Fim bai zo da wuri ba. Sai tana da shekara 35 ta fito a fim ɗinta na farko, The World According to Garp, a 1982, kuma nan take aka saka ta a takarar Oscar.

Ba ita kaɗai ba ce a Hollywood mai irin wannan tarihi. Joaquin Phoenix da Rose McGowan sun yi ƙuruciya a ƙungiyar Children of God. Leah Remini ta bar Scientology a 2013 ta koma fallasa ta. Bethany Joy Lenz ta fitar da littafi a 2024 kan shekara goma da ta yi a wata ƙaramar ƙungiyar nazarin Baibul yayin da take fitowa a shirin One Tree Hill. Abin da ya bambanta na Glenn shi ne ƙungiyarta na da mutunci a idon duniya, shugabannin ƙasashe na yaba mata. Wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan ta'adda kowa zai tausaya masa. Wanda ya ce masu sasanta Faransa da Jamus ne suka cuce shi, sai ya sha wahala kafin a saurare shi.

Limami da fasto

MRA ta yi rauni bayan mutuwar Buchman da ta magajinsa Peter Howard a 1965. Up With People ta ware ta zama mai cin gashin kanta a 1968. A 2001 ƙungiyar ta sauya suna zuwa Initiatives of Change, kuma tsarinta na yau ya sha bamban da na shekarun 1950. Musulmi ma sun shugabance ta, kamar jami'in diflomasiyyar Aljeriya Mohamed Sahnoun da likitar yara 'yar asalin Masar Omnia Marzouk.

Sashen finafinanta ne ya fitar da The Imam and the Pastor a 2006, labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. Mutanen biyu sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, suka yi aikin sulhu har a Yelwan Shendam da ke jihar Filato. Fim ɗin ya zaga duniya, kuma babu mai hankalin da zai ce aikin da ya nuna ba alheri ba ne.

Wannan ne ya sa labarin Glenn Close ke da wuyar haɗiyewa. Arewa ta san ƙungiyoyin da ƙarshensu jini ne. Kano ba ta manta da Disambar 1980 ba, lokacin da rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 bisa alƙaluman hukuma, kuma da yawa daga mabiyan Muhammadu Marwa yara ne da matasa da suka zo birni daga karkara da maƙwabtan ƙasashe. An kuma ga irin su Darul Islam, waɗanda suka keɓe kansu a dajin Mokwa na jihar Neja da matansu da 'ya'yansu har 'yan sanda suka watsa dubbansu a Agustan 2009, duk da cewa ba su ɗauki makami a kan kowa ba. A irin waɗannan lokuta tambayar hukuma ɗaya ce: suna da makamai ko babu? Ba a cika tambayar yaron da aka haifa a ciki, wanda bai san wata duniya ba, yadda zai yi ranar da ya so ya yi tunani na kansa. MRA za ta ci jarrabawar makamai da maki ɗari bisa ɗari. Ta biyun ce 'ya'yan Close ke cewa ta faɗi.

Abin da ya rage a gida

Ƙanwar Glenn, Jessie Close, ta fi ta shan wahala. Ta yi fama da shaye-shaye da aure-aure, kuma sai da ta kai kimanin shekara 50 likitoci suka gano tana da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin matsanancin kuzari da matsananciyar damuwa. Ba ƙungiya ce ke haddasa irin wannan ciwo ba, amma gidan da kowa ya watse, kuma aka hore shi da ɓoye damuwa a bayan murmushi, ba wurin da za a gano shi da wuri ba ne. Jessie ta ba da labarinta a littafin Resilience da ya fito a 2015. Kafin nan, a 2010, Glenn ta kafa gidauniyar Bring Change to Mind domin yaƙi da ƙyamar masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Mahaifiyarsu Bettine ta rasu a 2015. A Janairun 2019, da Glenn ta karɓi kyautar Golden Globe kan fim ɗin The Wife, inda ta fito a matsayin matar da ta danne baiwarta domin mijinta ya haskaka, ta tuna da ita a gaban taro. Ta ce mahaifiyarta ta ƙarar da rayuwarta a inuwar mijinta, kuma bayan ta haura shekara 80 ta gaya mata cewa tana jin ba ta tsinana komai ba a duniya. Mata da dama a zauren suka miƙe tsaye suna tafi.

William Close ya baro Kwango bayan ya gaji da yadda mulkin Mobutu ya lalace. Ya koma wani ɗan ƙaramin gari mai suna Big Piney a jihar Wyoming ya zama likitan karkara, a can ya rasu a Janairun 2009. Glenn ta ce ta yafe masa. Ta ce ta fahimci abin da ya sa mutum irinsa, mai neman abin da zai sadaukar da kansa a kai, ya faɗa hannun ƙungiya irin wannan, kuma a ganinta yadda rayuwa take, nauyin yafiya a kan ɗa yake sauka. Aurenta uku duk sun mutu. Tana da 'ya ɗaya, Annie Starke, wadda ita ma 'yar fim ce. A 2019 ta tattara ta koma garin Bozeman na jihar Montana, kusa da 'yan'uwan da aka raba ta da su suna yara.

Bayan fitarta ba ta je wajen likitan ƙwaƙwalwa ba a wancan lokacin. Abin da ta ce ya faru shi ne ta yi shekaru tana mafarkin mutanen ƙungiyar. Da farko mafarkan na cin amana ne. Daga baya ta fara ganin kanta tana kallon idonsu tana gaya musu cewa ba su da gaskiya. A na ƙarshe, ta ga ta tashi cikin natsuwa ta fice daga ɗakin. Tun daga nan, in ji ta, ba ta sake yin mafarkin ba.